Littattafan soyayya da finafinan Hausa: manazarta sun yi musu adalci kuwa?

Malam Habu Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in baje ta a faifai. Duk inda aka ambaci ƙagaggun labaran Hausa, daga ajin sakandare har jami'a, hankali yakan koma kan littattafan gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai kuma Magana Jari Ce da ya biyo baya. Ba ni da ja a kan darajarsu. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau an rubuta dubban littattafai a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, kaso mai yawa mata ne suka rubuta su, kuma tun 1990 ake shirya finafinan bidiyo da Hausa. A ganina cikin waɗannan ne al'ummarmu take yin tunaninta a kan aure da saki da kishi da gado da talauci da mulki. Masana da yawa kuwa sun yanke musu hukunci tun kafin su karanta su. Waɗanda suka zauna suka yi nazari na gaskiya, mafi yawan abin da suka gano da Turanci suka rubuta shi, a mujallun da marubuciyar littafin da mai karanta shi ba za su taɓa gani ba. Ina son jin ta bakinku, musamman malamanmu da ke cikin zauren nan.

Baba Tanko:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi, sai dai ni a ɗaya gefen nake. Na koyar da Hausa har na yi ritaya, kuma na karanta littattafan nan da idona, ba labarinsu aka ba ni ba. Abin da ya sa muke girmama na da shi ne aikin da aka yi musu. Abubakar Imam sai da ya bar Katsina ya tare a Zariya wata da watanni yana aiki tare da East kafin Magana Jari Ce ya fito. Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966, duk suna da editoci masu bin rubutu layi bayan layi. Waɗannan kuwa, yaro ya rubuta yau, gobe ya kai maɗaba'a. Ka buɗe shafi ka ga "yazo", "tace", "zanje", duk a manne. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ babu ita, aya da waƙafi sai inda Allah ya nufa. Ɗalibi ya karanta wannan ya zo ya zuba maka shi a takardar jarrabawa. Ta yaya za ka ce in ajiye shi a teburi ɗaya da Shaihu Umar?

Maman Ilham:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni marubuciya ce, kuma abin da kuka faɗa game da ƙa'idar rubutu yana nan, ba mai musu. Amma ku dubi lokacin da abin ya taso. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta domin su ne ke da kasuwa. Wa zai karɓi labarin matar aure daga Gwammaja ko Tudun Wada ya buga mata? Sai mutane suka tara 'yan kuɗinsu suka buga da kansu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su dafa wa juna. Wadda ta ɗauki adashi ta kai maɗaba'a, ina ta ga kuɗin edita? Sannan ku tuna, a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, mata da yawa a irin waɗannan azuzuwa suka koyi haɗa baƙi. In ba don littattafan nan ba, da karatun ya gudu daga hannunsu, don babu abin da za su riƙa karantawa a gida.

Mai Shagon Littafi:
Wannan ni shaida ne. A lokacin da kasuwar ke ci, da hantsi za ka ga yaro ya zo da 'yar takarda a dunƙule a hannu, an aiko shi daga cikin gida, an rubuta sunan littafi da "na biyu" ko "na uku". Wata saye take yi, wata haya. In littafin haya ya dawo, sai ka ga bangon ya yi laushi, akwai ɗigon manja a wani shafi, an ninke gefen wani, ka san ya zaga ɗaki-ɗaki, wataƙila har maƙwabta. Wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata. Yanzu abin ya koma waya. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, in labari ya kai inda ya yi daɗi sai ta ce mai son ci gaba ta biya a sa ta a rukunin kuɗi. Masu karatun ba su ragu ba, shagonmu ne suka daina zuwa.

Malama Hadiza:
Baba Tanko, ranku ya daɗe, ni ma kuskuren rubutu yana ɓata mini rai in ina duba aikin ɗalibai. Amma a ilimin harshe mukan raba abu biyu, ƙa'idar rubutu daban, harshen kansa daban. Ƙa'ida mutane ne suka zauna suka tsara ta, kuma ba a rana ɗaya ba. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da nasa dokokin a 1912. Haruffa masu ƙugiya sai a shekarun 1930 suka shigo. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Har yau rubutunmu na kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke cike gurbin da kansa. Wanda bai samu malamin da zai koya masa raba kalmomi ba, rubutunsa ne ya samu tangarɗa, Hausarsa lafiya lau take.

Kuma abin da nake samu a littattafan matan nan, ƙamusun Bargery na 1934 da duk girmansa ba zai ba ni shi ba, don ba aikin ƙamus ba ne. Yadda uwar miji ke yi wa suruka habaici tana tsintar shinkafa, yadda kishiya ke gugar zana a tsakar gida ba tare da ta kama suna ba, yadda budurwa ke amsa gaisuwa a zaure, zancen lefe da gara da kayan ɗaki da wankan jego, duk suna nan da zafinsu. Hausar cikin gida ba ta taɓa hawa takarda da yawa haka ba sai da mata suka ɗauki alƙalami. Mai nazarin ginin jimla ko karin harshe da ya ƙi buɗe littattafan nan, kansa ya cuta.

Baba Tanko:
To Malama, Ingausar fa? Jimla ɗaya rabinta Turanci. Ita ma taska ce?

Malama Hadiza:
Ita ma abin nazari ce, Baba, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Hausa ta ari kalmomi daga Larabci da Barebari da Azbinanci da Yarabanci tun kafin Turawa su zo, ta narkar da su. Abin da ya kamata mu bincika shi ne wanda ya narke ya zama namu, da wanda ake sirkawa don nuna an yi boko. Marubuta da yawa suna sa Ingausa a bakin wani tauraro ne da gangan, don mai karatu ya gane ɗan wane gida ne. Akwai kuma masu yin ta saboda kasala, waɗannan ina tare da ku a kansu.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ku ba ni dama in sa baki daga wannan gefen iyaka. Mu a Nijar da Faransanci muka yi makaranta. Da yawa daga cikin tsararrakina, karatun Hausar boko a littattafan da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano muka koye shi, ba a aji ba. Ga wani abin dubawa. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, amma da Faransanci ya rubuta shi, ya fito a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Masana a Faransa da Amurka sun yi rubutu mai yawa a kansa, kuma ya cancanta. Amma ku shiga kasuwar Damagaram ko ta Maraɗi ku tambayi mai sayar da ƙuli-ƙuli, fim ɗin nan ba lalle ta taɓa ganinsa ba, 'yan wasan Kano kuwa za ta jero muku su har da sunan da suka fito da shi. Abin da ya isa ga jama'a daban, abin da ya isa ga manazarta daban. A 2025 hukumomin ƙasarmu sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to in da gaske za a koyar da ita a aji, me yara za su karanta in an yi watsi da abin da iyayensu mata suka riga suka saba da shi?

Ustaz Bashir:
Ina bin ku tun ɗazu. A littattafai ba ni da zafi sosai, akwai nagari akwai na banza. A fim ne nake da magana. Duk lokacin da malamai suka yi ƙorafi a kan rawa da waƙa tsakanin namiji da mace, sai 'yan boko su ce ƙiyayya ce ko rashin wayewa. Alhali su ma malaman nan manazarta ne, suna da ma'auninsu, kuma uban da ke tsoron abin da 'yarsa ke kallo ba mahaukaci ba ne. A wane gari na ƙasar Hausa saurayi da budurwa ke bin juna cikin lambu suna waƙa suna canza kaya? Wannan kwaikwayon Indiya ne tsagwaronsa. In ana maganar adalci, a yi wa masu sukar ma adalci.

Sani Edita:
Allah ya gafarta Malam, ni a cikin sana'ar nake, aikina tace hoto. Bari in faɗa muku yadda waƙar nan ta samu gindin zama. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan farko sun fi kama da wasan kwaikwayon talabijin. Wajen 1999 zuwa 2000, da Sangaya ya fito ya yi kasuwa, sai 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka gane waƙa ce ke sayar da fim. Furodusa ya kawo aikinsa, tambayar farko ita ce waƙa nawa ke ciki. Akwai lokacin da ake fara zuwa situdiyo a buga waƙa da fiyano, a ɗauki rawar, a saka a tallar da ke farkon wani kaset, sannan a zo a nemi labarin da za a ɗora a kai. Wanda ya ƙi, jarinsa ya narke. Ban ce daidai ba ne, amma wanda zai yi nazarin abin ya kamata ya san kasuwa ce ta tsara shi, ba wai wasu sun zauna sun ƙulla lalata tarbiyya ba. Yanzu da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ku duba ku gani, rawar ta ragu ƙwarai, labari ne ke riƙe mai kallo daga mako zuwa mako.

Malam Habu Samaru:
Ustaz, a kan Indiya akwai abin da ya kamata mu sa a ma'auni. Tun wajen shekarun 1960 Kwarori masu gidajen silima suke kawo finafinan Indiya Arewa, aka yi shekaru ana kallonsu a Kano da Kaduna da Jos, daga baya gidajen talabijin na gwamnati ma suka riƙa nuna su. Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano ya yi bincike, ya nuna cewa abin da ya ja Bahaushe shi ne ya ga duniyar da ta yi kusa da tasa fiye da ta Amurka: auren dole, ikon iyaye, kunya, rikicin mai kuɗi da talaka. Saurayin da aka hana shi wadda yake so ya ga kansa a ciki. Sannan aro ba yau aka fara shi ba. Manazarta, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bi diddigin labaran Magana Jari Ce sun nuna da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas aka ɗebo su. Me ya sa in Imam ya ara sai mu ce gwaninta, in ɗan fim ya ara sai mu ce sata?

Baba Tanko:
Saboda Imam ya rina abin da ya ara har ba ka gane asalinsa. Ka karanta ka ga sarki da waziri da fada irin tamu, magana irin tamu. Shi ɗan fim ya ɗauko da ɗanyensa ya ajiye maka. Bambancin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Sani Edita:
Baba, wannan ma'aunin na karɓe shi hannu biyu. A auna mu da shi fim bayan fim, za a samu waɗanda suka faɗi, za a samu waɗanda suka haye. Abin da ke mana ciwo shi ne a yi mana kuɗin goro.

Ustaz Bashir:
Tunda Malam Habu ya ce a littattafan soyayya al'umma ke tunani, bari in tuna mana akwai wani rumbun da aka fi yin watsi da shi. Al-Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha a kan wajiban mai mulki. Muhammadu al-Kashinawi ya bar Katsina ya yi suna a ilimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan shari'a da tsarin shugabanci. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubutu a falsafa kai tsaye. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci ta ilmantar da mata ta hanyar 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu kai karatu ƙauyuka. Rubuce-rubucen nan suna nan a Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna da Kano da Yamai, da yawa ba a ko buga su ba. Ɗalibin jami'a nawa ne zai iya karanta shafi ɗaya na ajami?

Ɗalibar Falsafa:
Ustaz, wallahi kun faɗi abin da ke raina. Mu a aji daga Girkawa muke farawa, mu bi ta Jamus da Faransa da Ingila. In an zo falsafar Afirka sai a kawo littafin Placide Tempels na 1945 a kan Bantu, da sukar da Paulin Hountondji na Benin ya yi wa masu tattara al'adu da karin magana su kira su falsafa. Hujjarsa ita ce falsafa sai da mutum ɗaya da ya tsaya da sunansa ya kawo dalili, wani ya zo ya rushe. To ai ɗan Tafa ya cika wannan sharaɗi, amma ba na jin sunansa a aji.

Kuma ina ganin matan nan marubuta ma sun cika shi ta wata fuska. A laccarsa da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya yi bayani a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Ya bayyana su ne kamar kowa ya yarda da su a kan ma'ana ɗaya. Sai ga Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ta kawo matar da mijinta ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Tambayar da labarin ke yi ita ce, haƙurin da kullum mutum ɗaya ake nema ya yi, shi kuwa ɗayan ba a tambayarsa adalci, har yanzu halin kirki ne ko an mayar da shi igiyar ɗaure mai rauni? Wannan tambaya ce ta falsafar ɗabi'a, ba ta da maraba da waɗanda muke karantawa da Turanci. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ne ya buga shi, ba namu ba.

Maman Ilham:
Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Duk macen da ta taɓa yin yaji aka mayar da ita da kalmar "ki yi haƙuri" ba tare da an kira mijin an zaunar da shi ba, ta san tambayar nan tun kafin ta gan ta a littafi. Shi ya sa suke saye.

Ustaz Bashir:
Kuma Musulunci bai ce haƙuri na mace kaɗai ba ne. Ciyarwa da tufatarwa da adalci tsakanin mata wajibi ne a kan miji, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa. In labari ya tona wannan, ni mai goyon baya ne. Rawar ce dai har yanzu ban ga hujjarta ba.

Kwamared Isa:
Ku kawo siyasa cikin lissafin, don ita ce ke yanke wa adabi hukunci a ƙarshe, ba jami'a ba. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, da waƙa ta shiga ƙauyuka. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, alƙalami da murya ne makaminsu, kuma 'yan jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Yau waƙoƙin nan ana nazarinsu a jami'a da girmamawa, amma a zamaninsu fitina ake kiransu. To haka aka yi da 'yan fim. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a. Daga 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka tsananta, aka dakatar da ɗaukar fim na wani lokaci, aka ƙone littattafai a bainar jama'a, aka ce marubuta su yi rajista, aka ɗaure mutane, ciki har da Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008, mutumin da ya nemi kujerar gwamna a 2007. Da yawa suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar fim a jihar Kano, aka yi ca a kai, aka fasa. Amma lokacin zaɓe na zuwa, 'yan siyasar kowane ɓangare su ne ke layi a ƙofar mawaƙa da 'yan wasa. Ni abin da ya fi damuna shi ne mawaƙin NEPU don aƙida yake yi, na yau kuwa mafi yawa don mota. Wannan ne ya kamata masana kimiyyar siyasa su zauna a kai.

Malama Hadiza:
Malam Habu, akwai gyara a maganarka ta farko. Ba duk nazari ake yi da Turanci ba. A sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, ɗalibai suna rubuta kundin digiri na farko har na uku da Hausa, kuma da yawa a kan littattafan nan da finafinai ne. Sannan muhawarar nan an taɓa yin ta a jaridu a ƙarshen shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano yana kwatanta shi da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Onica, ya yi suka mai zafi, Abdalla Uba Adamu ya kare marubutan, Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga. Duka ɓangarorin sun karanta abin da suke magana a kai.

Malam Habu Samaru:
Malama, kundayen suna nan, na gan su jere a kanta da baƙin bango sun yi ƙura. Wa ya buga su? Malamin jami'a in yana neman ƙarin girma, maƙalar da ta fito a mujallar waje da Turanci ita ce ke da nauyi, don haka can yake kai mafi kyawun tunaninsa. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya yi wannan faɗan a littafinsa na 1986, bayan ya riga ya koma rubuta labaransa da harshen Gikuyu. Mu da muke da masu karatu miliyoyi a shirye, mun fi shi sauƙin yi. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 55, ya ce ana iya gudanar da harkar Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadi, tanadin ne har yau shiru. Ni buƙatata ƙarama ce: duk wanda ya yi nazarin littafin wata, ya rubuta shafi biyu da Hausa ya sa inda za ta gani, ta samu damar ba shi amsa.

Maman Ilham:
Wannan ita ce magana. Ɗalibai kan kira ni su yi mini tambayoyi, in ba su lokacina har da littattafaina kyauta. In sun gama ba na sake jin ɗuriyarsu, ban san me aka ce a kaina ba. In an nuna mini inda labarina ya yi rauni, ai na gaba zai fi kyau. Editan da Baba yake cewa ba mu da shi, manazarci zai iya zame mana shi.

Baba Tanko:
In dai gyaran rubutu ne, 'yata, ni ina da lokaci yanzu. Ki turo kafin ki saki, in bi miki shi. Amma in na ga labari bai yi ba zan faɗa, ba zan ɓoye ba.

Mai Shagon Littafi:
Kafin a kai ga nazari, a fara ceto kayan. Littattafan 1990 da 'yan kai a takardar jarida aka buga su, ta yi ja tana karyewa, gara ta ci wasu, damina ta ci wasu. Marubuta da yawa ba su da kwafin littafinsu na farko. Kaset ɗin bidiyo kuwa ya yi funfuna, na'urar kunna shi ma sai an sha wuya. Graham Furniss da Malami Buba da abokin aikinsu sun tattara na 1987 zuwa 2002 sun fitar da jerin sunayensu a 2004, kuma a Landan aka yi wannan aikin. Na waya da ake yi yanzu sun fi shiga haɗari, don ranar da aka rufe rukuni ko waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ina da ragowar tsofaffi a buhuna a bayan shago. Duk ɗalibin da ke so ya zo da wayarsa ya ɗauki hoton shafukan, ba zan karɓi ko sisi ba, sai dai ya zo da safe kafin kasuwa ta cika.

Ɗalibar Falsafa:
Zan zo ranar Asabar in Allah ya yarda, Alhaji, tare da wasu 'yan ajinmu. Ustaz, ku kuma muna roƙon ku ware mana lokaci ku fara koya mana karatun ajami, ko da a nan zauren ne, shafi ɗaya a mako.

Ustaz Bashir:
Ba damuwa. Za mu fara da waƙoƙin wa'azi na Hausa, don sun fi sauƙin bi tunda akwai wasali a jikinsu. Kowa ya nemi littafin rubutu da alƙalami, da hannu za a kwafa, ba da waya ba.